Tsuntsun Ƙanƙara a Aljihu: Abota ko Mallaka?

A cikin wasan Pokémon na farko, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a shekarar 1996, akwai wasu tsibirai biyu da ake kira tsibiran Kumfa. A ƙarƙashinsu kogo ne mai hawa-hawa, ruwa na gudu a cikinsa da ƙarfin da ba ya barin kowa ya ƙetare. Can a hawa na ƙarshe wani tsuntsu shuɗi mai doguwar jela yake zaune shi kaɗai. Labarin wasan ya ce in ya kaɗa fukafukansa iska daskarewa take yi, dusar ƙanƙara ta yi ta zuba. Masu wasa da Ingilishi suna ce mishi Articuno. Mu kuwa da muka fi cin karo da wasan cikin Faransanci, a salula ko a kwamfutar wani aboki, Artikodin muka sani. Lambarsa 144 cikin halittu 151 na wancan zubin, kuma ƙwaya ɗaya tak aka sa a duk faɗin wasan.

Duk wanda ya taɓa kama shi ya san daɗin da ake ji. Abin da nake so mu tattauna, ƴan uwa ɗalibai, shi ne abin da ke biyo bayan kamun. Da zarar halitta ta shiga ƙwallo, wasan ya daina ɗaukarta naman daji, sai ya koma yi maka zancenta da harshen abota da amana. Yo ta yaya wanda ka bi har makwancinsa, ka jibga, ka sa shi barcin dole, ka rufe, zai wayi gari abokinka? Kuma tun da ba shi da rai, ina ruwan wani ma da amsar? Ni a ganina akwai ruwanmu, sai dai ba ta gefen da aka saba dubawa ba.

Mu fara da yadda ake kamun, don waɗanda ba su taɓa yi ba su gane abin da ake zance. Kafin ka isa wurin tsuntsun, sai kana da halittar da za ta ɗauke ka bisa ruwa, da wadda za ta tura maka manyan duwatsu cikin ramuka don su tare gudun ruwan. In ka isa, za ka tarar da shi a mataki na 50. Kowace halitta a wasan tana da lambar sauƙin kamu. Ƙananan tsuntsaye da ɓerayen bakin hanya tasu 255 ce, wato jifa ɗaya ko biyu an gama. Ta Artikodin 3 ce. In ka jefa mishi ƙwallo yana da cikakken ƙarfinsa, sau da yawa ko taɓa shi ƙwallon ba ya yi. Dole sai ka buge shi har layin lafiyarsa ya rage kamar zare, amma fa da lissafi, don in hannunka ya yi nauyi ya faɗi, shi ke nan, babu wani na biyu. Shi ya sa ba a kai mishi hari da dutse, tun da illar dutse ninki huɗu ce a jikinsa. Bayan raunin sai ka sa shi barci ko ka shanye mishi jiki, sannan ka shiga jifa, kana kallon ƙwallon yana motsi, zuciyarka na bugawa. Masu wayo suna ajiye wasan a gabansa, in abin ya ɓaci su kashe su sake kunnawa. Akwai ƙwallo ɗaya da ba ya kuskure, Master Ball, amma guda ɗaya labarin yake ba ka, kuma yawanci ana ɓoye shi don wata halittar da ta fi wannan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wannan kam babu musu.

To ka kama. Minti ɗaya da ya wuce yana jifarka da ƙanƙara, yanzu kuma duk umurnin da ka ba shi bi yake yi, ko musu babu. Yana hawa mataki na 51 zai koyi guguwar ƙanƙara, harin da a wancan zubin yake samun abokin gaba sau tara cikin goma. In aka yi dace ya daskarar da abokin gaba, wancan ya tsaya ke nan, don a wasan farko daskararre ba ya narkewa da kansa, sai da magani ko in wuta ta taɓa shi. Ƙanƙara tana cin nau'in ciyawa, da na ƙasa, da masu tashi, da manyan dodannin nan masu kama da macizai da ake kira dragon. Saboda haka wanda ya shiga gasar ƙarshe da Artikodin ya tafi da maganin ɗaya daga cikin manyan gwanaye huɗu, wanda ƙarfinsa ke kan dragon. A gefen kare kai kuwa ƙanƙara raguwa ce: wuta, dutse, masu dambe, daga baya har ƙarfe, duk suna cin ta. A 2006 aka shigo da wani tarko na duwatsu masu tsini da ake zubawa a fili, wanda ke cire wa Artikodin rabin lafiyarsa da zarar ya shigo. Tun daga nan masu gasa suka rage ɗaukarsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amsa ta farko da kowa zai bayar ita ce: haba, wasa ne fa! Kuma amsa ce mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Artikodin lambobi ne da zane. Ba ya jin zafi, ba ya jin tsoro, ba shi da uwa da ke jiran dawowarsa. Masanin falsafa ɗan Ingila Jeremy Bentham ya kafa hakkin dabba a kan iya jin wahala, kuma in muka auna da wannan ma'aunin tsuntsun namu ba shi da hakkin da za a tauye. Wani masanin tarihi ɗan Holan, Johan Huizinga, ya yi bayani a 1938 cewa wasa fili ne da aka kewaye, mai dokokinsa na kansa, abin da aka yi a ciki ba ya ɗaukar ma'anar da yake da ita a waje. Mu ma mun san haka tun a gindin bishiya: wanda ya ci maka ɗa a dara bai yi maka sata ba. A 2012 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da wani wasan ba'a tana zargin Pokémon da koyar da cin zalin dabbobi, mutane da yawa suka yi mata dariya, kuma suna da hujjarsu. Akwai ma fatawar da aka bayar a Saudiyya a 2001 ta hana wasan, bisa dalilan caca da na aƙida. Wannan fagen malamai ne, ba shi ne zancenmu a nan ba. Na yarda dai cewa ba a zalunci tsuntsun ba.

Amma a cikin wancan kogon ba tsuntsu kaɗai ke akwai ba. Akwai mai riƙe da salula, shi kuwa yana da rai, yana da harshe, kuma harshen nan da shi zai fita ya yi hulɗa da mutane. Lambobin wasa suna tsayawa a fuskar waya, kalmominsa kuwa biyo mu suke yi. Ɗan dara bai taɓa ce maka yana son ka ba, kuma dara ba ta taɓa ce maka ɗan da ka ci amininka ne ba. Pokémon yana faɗi. A nan ne bambancin yake, kuma a nan ne tambayar ta koma ta harshe.

Wasa ne da aka zaɓi kalmominsa da kulawa ƙwarai. Sunan kansa taƙaitawa ce ta kalmomi biyu masu nufin dodannin aljihu. Sunan Articuno an haɗa shi daga sunan yankin ƙanƙara na arewacin duniya da kalmar ɗaya ta Sifaniyanci, ƴan uwansa biyu kuma, na tsawa da na wuta, suna ɗauke da biyu da uku. Masu fassara zuwa Faransanci sun bi wata hanyar, suka liƙa mishi sunan Odin, abin bautar mutanen arewacin Turai na dā. Kun ga, ɗaya ya sa mishi lamba kamar kayan shago, ɗaya ya ɗaga shi sama, amma duka biyun a aljihu ya ƙare. Haka kuma a wasan babu mutuwa a fagen faɗa, suma ake yi, a kai ka asibitin halittu kyauta, cikin daƙiƙu ka miƙe garau. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro wasan, da gangan ya zaɓi haka, don bai so yara su saba da ɗaukar mutuwa abin wasa. Shi kansa yaro ne mai kamun ƙwari a garin Machida da ke gefen Tokiyo, ya ga fadamu da gonakin da yake farauta an shafe su da kwalta da gine-gine, sai ya so ya maido wa yaran birni wancan daɗin. Niyya ce mai kyau. Sai dai kalma mai taushi aiki biyu take yi: tana kare yaro daga ganin jini, tana kuma ɓoye mishi cewa duka ne ake yi.

Daga zubi na biyu, na 1999, abota ta zama lamba ga kowace halitta, daga 0 zuwa 255. Tana hawa in kana yawo da halittar ko ta ƙara mataki, tana sauka in ta suma ko ka ɗura mata magani mai ɗaci. Aka kuma yi wani hari da ƙarfinsa ke bin wannan lambar: gwargwadon yadda halitta take son ka, gwargwadon zafin dukan da za ta yi wa abokin gaba, har ya kai 102. Akwai ma wani ƙwallo da sunansa ƙwallon abota, wanda duk abin da aka kama da shi yake fitowa da son ka a zuciyarsa tun ranar farko. Ku tsaya ku dubi wanga tsari da kyau. So ya zama abin da ake tarawa don a ƙara ƙarfin naushi, kuma kejin da kansa ne ke haifar da son. Mai gasa da ke zagaye gari da halittarsa don lambar ta hau, wallahi ba shaƙuwa yake nema ba, 102 yake nema.

Hausa ba ta yarda da wannan cakuɗawar ba, don kowane abu ta ba shi sunansa. Akwai kamu, wanda ƙarfi ko dabara ke yi. Akwai kiwo, wanda ya haɗa amfani da ɗawainiya: kana cin moriyar dabba, amma ci da sha da inuwarta suna wuyanka. Akwai sabo, wanda daɗewa tare ke kawowa, ko da daɗi ko babu, shi ya sa aka ce sabo turken wawa. Akwai amana, abin da aka danƙa maka kuma za a tambaye ka. Akwai mallaka, kalmar da muke faɗi a kan gona da jaki, in kuwa aka faɗe ta a kan mutum, aka ce wance ta mallake wane, kowa ya san ba yabo ba ne, ana nufin an ɗauke mishi ikon cewa a'a. Sannan akwai abota. Abota a wurin Bahaushe tana buƙatar mutum biyu da kowannensu zai iya tashi ya tafi amma ya zauna. In muka jera waɗannan kalmomin muka auna Artikodin, za mu ga kamu ne da mallaka, sai ɗan kiwo in an yi sa'ar mai shi. Abota ba ta ciki, tun da ba a bar mishi hanyar ƙi ba.

Misalai uku daga gida za su ƙara fito da abin. Gardi mai wasa da kura yana ciyar da ita, yana kwana kusa da ita, ya san halinta fiye da kowa, kuma in ka tambaye shi zai iya ce maka sun shaƙu. Amma takunkumi na bakinta, sarƙa na wuyanta, sanda na hannunsa. Bahaushe bai ruɗu ba, ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai kiwon tantabara kuwa kullum safe buɗe musu ɗaki yake yi, su tashi su ɓace wa ido, da marece su dawo. Ko a nan za a iya cewa hatsi ne ke maido su, amma dai ƙofa a buɗe take, kuma wani lokaci wata takan bi wani garken ba ta dawo ba. Na uku shi ne ɗan kokowa. Wanda ke neman takobi da ƙafarsa ya shiga fili, ƙashinsa ne ke ciwo, kuma sunansa maroƙa ke kira. A Pokémon halitta ce ke shan duka, lambar yabo da kuɗin nasara kuma mai horo ke sa wa aljihu. Wa ya fi kama da mu cikin ukun nan in muna riƙe da salula? Kowa ya ba kansa amsa.

Masu wasan ba su jahilci wannan tambayar ba. A 2010, a zubin Baƙi da Fari, sun kawo wani saurayi mai suna N, wanda ya tashi cikin halittun da mutane suka cutar, yana jin maganarsu, yana kuma kira da a sake su duka. Karo na farko ke nan da labarin ya ɗora wannan tuhumar a tsakiyarsa. Amma ku ga yadda aka kashe maganar: a ƙarshe sai aka bayyana cewa Ghetsis, wanda ya rene shi, munafuki ne, so yake kowa ya saki nasa don shi kaɗai ya rage da ƙarfi. A ci gaban labarin na 2012, mutanen Ghetsis suka tsare Kyurem, dodon ƙanƙara, a cikin jirginsu, suna tatsar sanyinsa har suka daskarar da gari guda. Kai ne jarumin da zai karya shirinsu. Bayan ƙura ta lafa kuma sai wasan ya ba ka damar komawa kogonsa, ka raunana shi, ka jefa mishi ƙwallo. Ɗalibin da ya yi ajin falsafa zai gane ramin da ke cikin wannan hujja: muguntar mai kawo magana ba ta ƙaryata maganar. Ghetsis maƙaryaci ne, to, amma tambayar N tana nan ba a amsa ba. An dai nuna mana cewa keji mugu ne a hannun mugu, a hannunmu kuma sunansa abota.

Akwai wata halittar ƙanƙara da labarinta ya sha bamban, wato Lapras, ko Lokhlass da Faransanci. Kundin wasan ya ce tana da sanyin hali, tana gane maganar mutane, tana ɗaukarsu a bayanta ta ƙetare teku da su, kuma an yi ta farautarta har ta kusa ƙarewa. A wasan farko ba a daji ake samunta ba. Wani ma'aikaci ne yake danƙa maka ita kyauta, a matsayin godiya, lokacin da ka shiga ceton kamfaninsu daga hannun ɓarayi. Wannan ya fi kusa da amana. Shekaru 20 bayan haka, a zubin 2016, kundin ya ce dokar kariya ta sa sun yawaita har sun yi yawa. Wato wasan da kansa ya san cewa kamu yana ƙarar da halitta, ya kuma san bari yana rayar da ita. Duk da haka babban burin da ya ɗora maka shi ne ka cika kundin kaf, kada ka bar ko ɗaya a waje.

Yanzu mu koma ga abin da na ce ku riƙe. Halittu shida kawai ake yawo da su. Sauran ana tura su cikin akwatunan kwamfuta, waɗanda a wasan farko suke ɗaukar 240. Ranar da ka samu wadda ta fi Artikodin amfani, ko dokar faɗa ta canza ta mai da shi rago, can zai koma, tsakanin ɓera da tsutsa, ba ci ba sha ba rana, har ranar da salula za ta lalace. Tsuntsun da ka ɓata dare guda a kansa ke nan. Ashe ba shi kake so ba, samunsa kake so. Ko ƙanƙarar gaske haka take mana: a azumin bazara ana layi a kanta ana rige-rige, sanyin hunturu na shigowa ba mai waiwayar mai firigo. Addininmu ya yi magana a kan tsarewa. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wani hadisin kuma ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tambayar wani yaro ƙarami labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, malamai suka fahimci halaccin riƙe tsuntsu in ana kula da shi. Ba ina cewa akwatin kwamfuta zai kai wani wuta ba, Allah ya kiyaye, zane ba kyanwa ba ne. Abin da nake ɗauka daga hadisan biyu shi ne, riƙo yana zuwa da nauyi. Wasan kuwa ya ba mu daɗin riƙo ya ɗauke mana nauyinsa.

Immanuel Kant, wanda bai yarda dabba tana da hakki kai tsaye a kanmu ba, ya ce duk da haka mai ƙeta ga dabba zuciyarsa takan bushe har ga mutane. Ba zan ja wannan zaren har in ce Pokémon yana mai da mutum azzalumi ba. Miliyoyin mutane sun yi wasan sun tashi da tausayinsu, wasu ma ta dalilinsa suka fara son dabbobi. Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi. Tsarin nan na ka raunana, ka riƙe, ka ci moriya, sannan ka kira shi so, ba Japan ce ta ƙirƙiro shi ba. Yana cikin unguwanninmu, wasan dai ya zana shi ne a fili har da lambobi, inda ba za mu iya cewa ba mu gani ba.

Ku tuna yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke, uwar gida na cewa ai kamar ɗiyata take, alhali ɗiyan gidan suna makaranta ita tana bakin murhu. Ku tuna yaron gareji da ya shekara bakwai ba a sallame shi ba, maigida na cewa ɗan gida ne, wa ke biyan ɗansa? Ku tuna saurayin da ke bincika salular budurwarsa, ya raba ta da ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, in ta yi magana ya ce so ne ya kawo haka. Har ɗan siyasar da ke barin matasa cikin rashi, lokacin zaɓe ya kira su yarana. A mafi munin siffarsa, ƙasarmu ta san al'adar wahaya, inda ake sayen mace a lulluɓe cinikin da sunan aure. Sai a 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar saboda ta kasa kare ta. Nesa ba kusa ba, wasan yara da wannan ba ɗaya ba ne, kuma ba na haɗa su a ma'auni. Abu guda ne ya ratsa su: kalmar zumunta da aka ɗora a kan wanda ba shi da ikon tafiya. A duk misalan nan mai riƙon yakan yarda da maganarsa har zuciya, kamar yadda muke yarda cewa tsuntsun yana son mu. Wannan yardar ce ta fi ba ni tsoro, don mai ƙarya ana iya kama shi, amma wanda ya gaskata kansa da wuya ya saurari kowa.

Su kansu ƴan wasan sun ji cewa akwai abin da ya ɓace. A 2010 wata ƙa'ida ta yaɗu tsakaninsu, ana ce mata Nuzlocke, wadda ba kamfani ne ya kafa ta ba. A kowane yanki halittar farko da ka ci karo da ita kaɗai za ka iya kamawa. Wadda ta suma ta mutu ke nan, ba za ka sake amfani da ita ba. Yawanci kuma kowace sai ka raɗa mata suna. Masu bin wannan ƙa'idar suna ba da labarin yadda suke jin ciwon rashin ɓeran da a dā ba sa ko kallo. Da suka rage wa kansu iko, suka shigo da yiwuwar rashi, sai shaƙuwar da wasan ke ta faɗi da baki ta fara samuwa a zuciyar mai wasa. Halittar dai har yanzu ba ta da zaɓi, amma mai riƙe da ita ya fara biyan wani abu, ya matsa daga mallaka zuwa kiwo.

To mi ya kamata mu yi? Ban ce a goge wasan ba. Wanda ke da caji da lokaci ya shiga kogon, ya tura duwatsun, ya kama tsuntsunsa, ya ci gasa da shi, daɗin halal ne a wurina tun da ba a cuci kowa ba. Roƙona ɗaya ne, mu riƙa kiran abu da sunansa. Ka ce na kama shi, nawa ne, ina amfani da shi. Gaskiya ke nan, kuma ba abin kunya a ciki in zane ne. Kalmar aboki kuwa mu adana ta ga wanda zai iya ce mana a'a. In muka fita daga wasan, mu ɗauki tambayar mu kai ta inda take da nauyi: duk wanda ke ƙarƙashin hannunmu, ƙane ne, ko ƴar aiki, ko yaron shago, ko wadda muke cewa muna so, in aka buɗe mishi ƙofa yau, da guzurinsa da inda zai je, zai zauna? In amsar i ce, mu gode wa Allah. In ba mu sani ba, to mu bincika kafin mu sake kiran abin da ke tsakaninmu abota. In kuwa mun san amsar amma muna tsoron buɗe ƙofar, Hausa ta riga ta ba abin suna, kuma mun ambace shi a sama. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ke hannunmu.